Tafkin Kifi A Inuwar Gobarau

A ƙarshen hunturun bara ne kawuna ya kira ni a waya, ya ce in zo Katsina akwai magana. Tsohon malamin makaranta ne, ya shekara 35 yana riƙe da alli, kuma a lokacin bai daɗe da karɓar giratutinsa ba bayan jira mai tsawo. Duk wanda ya san halin 'yan fansho ya san irin wannan kuɗi sau ɗaya suke zuwa hannu, in suka salwanta ba su da madadi. Shi ya sa da na ji ya ce "akwai magana" ban tsaya wata tambaya ba, washegari na kama hanya.

Na shiga gari ta Ƙofar Ƙaura da hantsi, ƙura ta lulluɓe sararin sama, rana ta yi fari kamar faifai. Gidan kawu yana cikin tsohon birni, tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa zuwa Hasumiyar Gobarau. Bayan gaisuwa da fura, ya ja ni zuwa bayan gida, wani fili da kakanninmu suke turke dabbobi a dā, wanda yanzu babu komai cikinsa sai bishiyar bedi, wato darbejiya, da lemun tsami guda. A ƙasa ya zana layi da toka, tsawo mita 10, faɗi mita 6. Ya ce zurfin zai kai mita ɗaya da rabi. Tafkin kifi yake so ya gina da kankare, babba, wanda zai riƙa zama bakinsa da yamma yana kallon kifi tare da jikokinsa, a ci wani a gida, a sayar da wani a biya kuɗin magani da na makaranta. Ya kira ni ne saboda na taɓa aikin duba gine-gine, yana so in lissafa masa buhunan siminti.

Na dubi layin tokar, na ga ɓangare guda bai fi kamu biyu ba tsakaninsa da katangar maƙwabci, katangar kuwa ta ƙasa ce. Gabana ya faɗi, amma ba a katse wa babba hanzari a kan ƙafa. Na ce masa, "Kawu, a bar ni in kwana da maganar. In an yi La'asar ka raka ni Gobarau, na daɗe ban je ba."

Wanda bai taɓa ganin Gobarau ba zai iya zaton wani dogon gini ne mai ƙyalli. Tsawonta bai wuce kimanin mita 15 ba, gini ne na jar ƙasa, mai faɗi daga tushe yana tsukewa hawa-hawa zuwa sama. Abin da ya rage ke nan na tsohon masallacin Juma'a da makarantar da suka sa sunan Katsina ya kai ƙasashe masu nisa. Ruwayar gari tana danganta ginin da Sarki Muhammadu Korau, sarkin Katsina na farko da ya yi mulki a Musulunci, ko da yake masana tarihi sun saɓa a kan zamaninsa, wasu na kai shi ƙarni na 14, wasu na 15. Ana kuma haɗa tarihin wurin da zuwan Shaihu Muhammadu al-Maghili ƙasar Hausa a ƙarshen ƙarni na 15. Bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, aka mayar da sallar Juma'a wani masallacin, tsohon ya rushe, hasumiyar ta tsaya ita kaɗai. An yi mata gyara a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, kuma a yau tana cikin kayan tarihin da gwamnatin tarayya ta amince da su.

Muna tsaye a gindinta na tambayi kawu inda yake jin an samo ƙasar da aka yi wannan gini. Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, a ina kuwa in ba kududdufi ba?" Gaskiya ya faɗa. A tsohon birnin Hausa kowane soro yana da raminsa. Inda aka haƙi ƙasa aka yi tubali, nan damina take cikawa ya zama kududdufi, agwagi su yi iyo, kwaɗi su yi kuka, yara su kama tarwaɗa, gaiwa kuma ta shige cikin laka ta jira wata daminar. Kududdufan nan su ne suke shanye ruwan unguwa idan an yi mamako. Da yawa daga cikinsu yau an cike su da shara an yi gini a kai, ruwan kuma da ya rasa masaukinsa sai ya shiga ɗakunan mutane.

Akwai kuma wani ramin da kakanninmu suka iya ginawa, wato rijiyar rini. Marina sukan shafe cikin ramin da laso, wanda ake haɗawa da katsi da gashin dabba da ruwan dafara, ya riƙe ruwan baba shekara da shekaru ba ya tsiyaya. Sana'ar ta yi ƙarfi a Katsina har ɗaya daga cikin manyan malamanta na ƙarni na 17 da ita ake kiransa, Wali Ɗan Marina. Ashe tsare ruwa a cikin gini ba baƙon ilimi ba ne a garin nan. Sai dai maginan dā sun san ruwa shi ne babban abokin gābar ginin ƙasa. Shi ya sa suke tsawaita indararo, suke yaɓe da makuba, suke duba gindin katanga kafin kowace damina. Na nuna wa kawu jikin hasumiyar, inda sabon yaɓe ya hau kan tsoho, na ce masa abin da ya tsayar da ita har yau shi ne an san inda ruwa zai bi, kuma ba a daina dubawa ba.

Da dare muka shimfiɗa tabarma, na ɗauko takarda da biro. Ban fara da siminti ba, da ruwa na fara, kuma ina roƙon mai karatu ya bi lissafin nan tare da mu, domin shi ne ginshiƙin maganar. Rami mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi yana cin lita 1,000, nauyin ruwan kuma tan ɗaya ne. Tafkin da kawu ya zana zai ci lita 90,000, wato tan 90. Idan da jarkar 'yan ga-ruwa mai lita 25 za a cika shi, jarka 3,600 ke nan, ko kura 300 mai jarka goma sha biyu. Wannan cikawar farko ce kawai. Kifi yana ci yana kashi a cikin ruwan da yake zaune, don haka dole a riƙa zubar da wani kaso ana sabuntawa duk bayan 'yan kwanaki. Rana ma tana da nata rabon. A watan Afrilu zafin Katsina yakan haura digiri 40, kuma ko milimita 7 kawai rana ta sha a yini daga saman tafki mai wannan faɗi, lita 420 ta tafi, kusan jarka 17. Ga shi ruwan saman garin na shekara guda yana kai-komo ne a wajen milimita 600, kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba.

Kawu ya ce ai yana da rijiyar burtsatse. Da gari ya waye muka gwada ta da jarka da agogo. Takan cika jarka a minti ɗaya, amma ya shaida mini cewa da bazara in ta yi awa biyu tana aiki sai ta fara tari, sai an bar ta ta huta. In an tashe ta safe da yamma, abin da za ta bayar bai wuce lita 6,000 a yini ba. Cika tafkinsa kaɗai zai ci kwana 15, ba a yi wanka ba, ba a yi girki ba. Kuma ba shi kaɗai yake sha daga rijiyar ba. Ruwan famfo da ke zuwa daga madatsar Ajiwa ba ya isar garin da ya bunƙasa haka, shi ya sa kowace safiya yaran gidaje huɗu suke layi a ƙofar kawu da bokitai, bai taɓa karɓar ko sisi ba. Na tambaye shi, "Kawu, ranar da kifi da yaran nan suka buƙaci ruwa lokaci guda, wa za a ce ya jira?" Ya yi shiru ya daɗe.

A nan na tuna masa da inda al-Maghili ya fito. Kafin ya zo ƙasar Hausa ya zauna a Tuwat, cikin hamadar Aljeriya ta yau, inda ake jawo ruwa ta hanyoyin ƙarƙashin ƙasa zuwa gonakin dabino. A can akwai mutanen da sana'arsu ke nan auna ruwa, suna amfani da farantin tagulla mai huji-huji su raba wa kowa gwargwadon haƙƙinsa, a kuma rubuta. Hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a cikin al'adun da ke buƙatar ceton gaggawa a 2018. Mutanen hamada ba su dasa dabino sai sun san yawan ruwan da suka mallaka. Mu ma da muke bakin hamadar nan, haka ya kamata mu yi da kifi.

Magana ta biyu ita ce katangar maƙwabci. Ruwa ba ƙasa kaɗai yake dannawa ba, yana tura bango ta gefe, kuma turin yana ƙaruwa sosai da ƙaruwar zurfi. A zurfin mita 1.2, kowace mita guda ta tsawon bango tana ɗauke da turin da ya kai nauyin kilo 720, a mita ɗaya da rabi kuwa ya haura kilo 1,100. Na ba kawu labarin abin da na gani da idona a wani gari. Wani bawan Allah ya gina tafki da bulo mai inci 6, bai cika ramukan bulon ba, bai sa rodi ba, ya yi filasta mai kyau ya shafa fenti. Kwana uku da cika shi, da tsakar dare bango ɗaya ya buɗe. Ruwan ya kwashe katangar maƙwabci, ya shiga ɗakin da tsohuwa take kwance. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma zumuncin shekara talatin ya ƙare a gaban alƙali. Ko ba a kai ga fashewa ba, ɗan yoyo da ba a gani ya isa ya jiƙa gindin ginin ƙasa a hankali har ya zauna. Katsina ɗakin kara ake ce mata, kuma babu karar da ta fi mutum ya nisanta ruwansa daga bangon maƙwabcinsa.

Kawu bai ji daɗi ba, na ga haka a fuskarsa. Mutumin da ya yi shekaru yana gina abu a zuciyarsa ba ya son yaron da ya goya ya zo ya rage masa shi. Amma malami ne, ya san lissafi ba ya kara. Da kansa ya ɗauki tsintsiya ya share layin tokar. Sabon zanen da muka yi mita 6 ne da mita 4, zurfin ruwa mita 1.2, wato lita 28,800, aka raba shi gida biyu da bango a tsakiya, domin in ana wanke ɗaya ko cuta ta shiga, ɗayan yana nan. Muka matsar da shi mita 3 daga katangar maƙwabci, muka kuma nisanta shi da bedin, saboda saiwarsa tana bin danshi ta tsaga kankare, ganyensa kuma yana ruɓewa a cikin ruwa. Inuwa sai aka yi ta da rumfa a kan rabin tafkin.

Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. Kafin a zuba ko kwano ɗaya na kankare, sai da muka yanke inda ruwan datti zai fita. Ba mu nutsar da tafkin duka a ƙasa ba. Rabinsa yana sama, domin ruwa ya gangara da kansa idan an buɗe bututu, ba sai an tada inji ba. An karkata daɓen kaɗan zuwa kusurwa ɗaya, inda aka binne bututu mai inci 3, aka kuma sa wani a sama wanda zai zubar da rara idan an yi ruwan sama mai yawa. Bakin bututun bai nufi lungu ba. An ja shi zuwa ƙarshen filin, inda aka yi kwamin zogale da alayyafo da gwanda. Ruwan da kifi ya ɓata taki ne ga shuka, amma in aka sake shi a kwatar unguwa, wari ne da sauro da gābar maƙwabta.

Birkilan da kawu ya ɗauko dattijo ne da ya fara sana'a da ginin ƙasa kafin ya koma siminti, kuma ban sha wahalar fahimtar da shi ba. Aka haƙa har aka tarar da ƙasa mai ƙarfi, aka daddaɓe ta, aka shimfiɗa ragar rodi, aka ɗaga ta da 'yan duwatsu don ta zauna a tsakiyar kankaren. Haɗin da aka yi shi ne kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi mai tsabta, huɗu na tsakuwa. Daɓen mai kaurin santimita 15 shi kaɗai ya ci buhu kusan 30, kuma a yini ɗaya aka zuba shi, domin inda kankaren jiya ya haɗu da na yau nan ne yoyo yake farawa. Daga cikin daɓen aka tayar da rodi a tsaye, aka jera bulo mai inci 9 a kansu, aka cika kowane rami da kankare, aka ɗaure saman bangon da zoben kankare mai rodi. Kusurwoyin ciki an mulmule su, aka yi filasta sau biyu da garin hana yoyo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa kuwa ko tsagar da ba ta kai kaurin gashi ba ta ishe shi.

Abin da ya fi ba kawu wahala shi ne jira. Kankare ba bushewa yake buƙata ba, danshi yake so don ya yi ƙarfi, kuma iskar Katsina tana zuƙe shi da wuri. Aka rufe ginin da tsofaffin buhunan algarara ana yayyafa musu ruwa safe da yamma har mako guda, aka kuma ƙirga kwana 28 kafin a ɗora masa cikakken nauyi. Ko bayan nan ba a sa kifi ba. Sabon siminti yana sakin wani kaifi a cikin ruwa mai ƙona fatar kifi da hanyar numfashinsa, shi ya sa masu kiwo suke cika tafki su bar shi kwanaki, su zubar, su wanke, su maimaita, wasu har da jiƙa ganyen ayaba ko ɗan taki a ciki. Mun yi haka sau uku. A cikawar farko na ja layi da alli daidai bakin ruwa, na kuma ajiye bokiti cike a gefe. Bayan kwana biyu, abin da ya ragu a tafkin daidai yake da abin da ya ragu a bokitin. Rana ce ta sha, ba yoyo ba ne.

Sai da damina ta kusa aka kawo 'ya'yan kifi. Gida ɗaya aka sa tarwaɗa 300, domin ita ce mai juriya, tana iya hawowa sama ta shaƙi iska idan ruwa ya yi nauyi, kuma in ta samu abinci mai kyau takan kai kilo guda a wata biyar zuwa shida. Ɗaya gidan aka sa karfasa kaɗan don kallo da miyar gida. Na faɗa wa kawu tun farko cewa abinci ne zai ci fiye da rabin kuɗin kiwon, kuma da hunturu in ruwa ya yi sanyi kifi yakan rage ci, kada ya ci gaba da zubawa ya ruɓe a ƙasa. Abu na ƙarshe da na nace a kai shi ne shinge na waya mai ƙofa da kwaɗo. Babu unguwar da ba ta da labarin yaron da kududdufi ya ci, kuma ruwan da ya kai ƙirjin babba ya shanye kan ɗan shekara huɗu.

Kiwon kifi a tafki ya daɗe a Arewa. Tun 1951 aka kafa gonar kifi ta Panyam a ƙasar Filato, akwai kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta tarayya a Sabuwar Busa. Abin da yake sabo shi ne yadda sana'ar ta shigo cikin gidaje, a hannun 'yan fansho da matasa da matan aure, waɗanda akasarinsu ba su da mai ba su shawara sai birkila da mai sayar da 'ya'yan kifi, kowannensu kuwa ribarsa tana cikin girman aikin. Ya kamata sassan kula da kifi na ma'aikatun gona da hukumomin tsara birane su fitar da ƙa'ida mai sauƙi da Hausa: tazarar da za a bari tsakanin tafki da ginin maƙwabci, irin bangon da ya dace da kowane zurfi, da inda ruwan datti zai tafi. Kafin a samu haka, wanda duk yake da wannan niyya ya zauna da takarda ya amsa tambayoyi uku. Ruwa nawa rijiyata take bayarwa a watan da ya fi kowane zafi? Ina ruwan zai nufa idan na sake shi, ko idan ya saki kansa? Wa zai duba ginin nan bayan shekara biyar?

A makon jiya na koma Katsina. Kawu ya sayar da zubin farko, bai yi arziki ba, amma uwar kuɗinsa tana nan, zogalen ya fi ni tsawo, yaran unguwa kuma suna layinsu na safe kamar kullum. Na tarar ya kwashe ruwan gida ɗaya, ya shiga ciki da tabarau da tocila yana bin bango taku-taku. Ya nuna mini wata 'yar tsaga kusa da bakin bututu, ya ce ya riga ya aika a kira birkila. Na ce masa ai wannan ba ta kai a damu ba tukuna. Ya ɗago ya nuna wajen hasumiya da haɓa, ya ce, "Kai ne fa ka ce wancan ma dubawa ce ta tsayar da ita." Daga nan aka kira Magariba, muka kulle ƙofar shingen muka nufi masallaci.